Soso a Kan Gadon Jego

A tsohon garinmu, wanda yanzu kifaye ne ke kwana a cikinsa, innata a cikin ɗaki take yin bandar kifi duk damina. Garin a kan tsibiri yake a tsakiyar kogin Kwara, ɗakunanmu kuma na jinka ne. Idan ta hura wuta ta jera kifi a kan raga, hayaƙin sai ya hau sama ya ratsa ciyawar rufin ya fita. Wanda ke cikin kwalekwale daga nesa zai hango ɗakin yana tururi kamar tukunyar dambu. Mu yara muna ƙasa muna wasa, idonmu bai cika yin ruwa ba. Har cewa take yi hayaƙin yana ƙara wa jinka kwana, don yana korar gara.

Da aka datse ruwa a Kainji, tafki ya tashi ya ci tsibirin, aka kwashe mu zuwa sabon gari a bakin ruwa ta wajen ƙasar Ngaski. Ina amarya a lokacin. Gidajen da aka ba mu na siminti ne, rufinsu mai lanƙwasa, shi ma da tauri kamar siminti, ruwan sama ba ya ratsa shi ko ɗigo. Mun yi murna da wannan ƙwarai. Kowane ɗaki an bar masa 'yar taga can sama, wadda kan mutum ma ba zai shiga ba. Na ɗauko ragar innata da aikin da na koya a hannunta na shiga irin wannan ɗaki da su. Ban taɓa ɗaga kai na tambayi kaina ta ina hayaƙin zai fita ba. Shekara da shekaru ina banda a haka. Bango ya yi baƙi, ni ma na saba da tari, na ɗauka haka sana'ar take.

Ɗiyata ta fari a sabon garin aka haife ta. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Gida ɗaya muke amma kamar maƙwabta. In ina son ta miƙo min abu sai in ce “ke”. In ta kwana da zazzaɓi ba zan shiga in taɓa goshinta ba, sai dai in tsaya a ƙofar kakarta in ce na ji kamar ba a yi barci ba a ɗakin nan. Ba ƙinta nake yi ba. Nakan laɓe a bayan zana ina kallonta tana wanke-wanke har tuwona ya kama a tukunya.

Ta girma ta kawo wanda take so, wani yaro mai gyaran babura da injin jirgi a Yelwa, aka yi aure ta tare a can. A shekarun da aka raba mu da Sakkwato aka ce mun zama 'yan Jihar Kebbi ne ta samu ciki. Al'ada ce mai cikin fari ta koma gidan iyayenta idan cikin ya tsufa, ta haihu a can, ta yi wankan jego har arba'in. Kakar da ta rene ta ta riga ta rasu. Mijina kuma masunci ne, da damina yakan bi kifi can ƙasan tafki ya daɗe bai dawo ba. Saboda haka goyon cikin a kaina ya faɗo, ni da ban taɓa zama da yarinyar nan mun yi hira ba.

Ta iso da tsakiyar damina, farin ruwa, wato cikowar kogi ta damina, ya fara sauka, kifi ya yi yawa. Tarwaɗa, ƙurungu, karfasa, kullum kwanduna ake jibge min a ƙofa. Kifin damina ba ya jira. In ba a sa shi a wuta da wuri ba sai ya kumbura, ƙuda ya yi masa tsutsa, fataken da ke zuwa kasuwar Yawuri daga kudu su shinshina su wuce. Ga ruwan sama ba ya ɗaukewa. Sai na yi abin da nake yi kowace shekara, na mayar da banda cikin ƙaramin ɗakin da ke manne da ɗakin kwana. Ƙofa ce kawai tsakaninsu, ita ma ba ta da ƙyaure.

Aikin banda kashi-kashi ne. Akwai ɗauko kifi daga bakin ruwa, akwai gyara shi a tsugune, akwai faskaren itace, akwai jigilar ruwa. Sannan akwai zama a gaban wuta ana juya kifi, ana yayyafa ruwa in harshen wuta ya tashi, don hayaƙi ake so ba wuta ba. Wannan na ƙarshe shi ne aikin da ba a ɗaukar kaya, ba a shiga ruwan sama, ba a taka laka. Ɗiyata ba mai zaman banza ba ce, tun washegarin zuwanta ta ɗauki tulu. Na karɓe tulun, na ajiye mata kujerar tsuguno a gaban banda, na shimfiɗa mata tsohon zanena a kai. Wurin da ya fi ko'ina ɗumi a gidan ke nan. Ita ce hanya ɗaya da na samu ta ce mata ina tausayinta. Da na ga iskar tafki tana shigowa ta 'yar tagar nan tana kaɗa mata ɗankwali, sai na hau turmi na toshe tagar da tsumma.

Ina da maƙwabciya, Bakambariya, Kirista, da ita da mijinta suka sauko daga tudu suna noma a bayan gari. Ita ke kawo min itace. Tun muna da ƙuruciya muke tsokanar juna, tana ce min 'yar ruwa ina ce mata 'yar tudu. Wata rana ta sauke itace ta leƙa ɗakin banda, ta fito tana share ido da bakin zane.

“'Yar ruwa, tunda kin ɗora yarinyar nan a raga, ki sa mata gishiri mana kada ta lalace.”

“Ku da kuke kwana ɗaki ɗaya da awaki,” na ce mata, “ke za ki koya min iska mai kyau?”

“Awakinmu dai ba su tari,” in ji ta.

Muka yi dariya ta tafi. Ɗiyata ma ta yi dariya daga ciki, dariyar ta ƙare da tari. Na ji tarin. Kullum ina jin sa, da safe idan ta tashi alwala, da rana idan ta sunkuya kan ragar. Idonta ya yi ja, takan dafe kai ta ce wa ƙannenta yana sara mata. A tunanina sanyin damina ne ya shige ta, maganin sanyi kuwa ɗumi. Na dafa mata citta da kanumfari na ba yara su kai mata. Na ƙara itace. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban tsaya a gabanta na tambaye ta yadda take ji ba. Ita ma ba ta zo ta faɗa min ba, don haka aka rene ta.

Ta haihu wajen ƙarshen damina, da hantsi. Maƙwabciyata ce ta taya ni karɓar haihuwar. Namiji ne. Da ta miƙo min shi sai na ji kamar zanen kawai na karɓa. Cikin ya cika watanninsa, amma yaron ƙarami ne, cinyarsa ba ta fi babban yatsana biyu a haɗe ba, kukansa kuma siriri kamar na ɗan kyanwa. Maƙwabciyar ba ta yi tsokana ba ranar. Ta dube ni kawai ta ci gaba da wanke hannunta.

Jika ba a jin kunyarsa. Duk wasan da na hana kaina yi wa uwarsa, a kansa na sauke. Na ce wannan mijin nawa ba shi da nauyi, ko ƙurungu ya fi shi, zan yi kiwonsa har ya kai giwan ruwa. Sai na kama aikin jego yadda aka yi min. Ruwan zafi da ganyen dogon yaro safe da yamma, kunun kanwa, sannan gashi. Ana zuba garwashi a kasko a tura ƙarƙashin gadon mai jego don zafi ya ratsa ta ya kori sanyin haihuwa. Gawayi ya yi wuya da damina, sai nakan ɗebo wuta daga bakin banda, guntayen itacen da ba su gama ci ba, suna hayaƙi. Na rataye tabarma a ƙofar waje kada iska ta taɓa jariri. Banda kuma ba ta tsaya ba, don kifi bai san an haihu ba.

Ranar suna dangin mijinta suka zo daga Yelwa a jirgi. Sun kawo farin gidan sauro sabo da 'yan riguna. Mata suka shiga ganin jariri, na lura ba su daɗe ba suka fito tsakar gida suka zauna, duk da ana yayyafi. Na ɗauka iyayin mutanen birni ne. Bayan 'yan kwanaki gidan sauron ya koma kalar shayi.

Daga nan yaron ya fara tari. Ƙaramin tari ne da farko, kamar atishawa. Sai hancinsa ya toshe, ya kama nono ya saki, ya sake kamawa ya saki yana neman numfashi. Na ce sanyi ne ya bi shi daga uwarsa. Na shafe shi da man kaɗanya, na ƙara masa zane, na ƙara kasko na biyu.

Surukina yakan zo duk ranar da jirgin kasuwa ya biyo ta garinmu. Yaro ne mai kunya. Tun daga nesa zai cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa kansa a ƙasa, mu gaisa ba wanda ya kalli wani, sannan in ɗauki kwando in bar gidan don ya samu shiga wurin matarsa. Tsakanin suruki da uwar matarsa gaisuwa ce kawai. Ba zai iya buɗe baki ya ce min abin da nake yi ba daidai ba ne, ko da ya ga gidan yana cin wuta sai dai ya nemi wanda zai aika.

Wata rana bayan ya tafi na shiga ɗaki na ga wani abu yana lilo a kan gadon, an ɗaure shi da zare a ƙusar gidan sauro. Soso ne ruwan ɗorawa, sabo, faɗinsa kamar tafin hannu. Na zaci laya ce irin ta zamani. Ban tambayi ɗiyata ba. Maƙwabciyata ce ta zo ta ce surukina ya biya ta gidanta, ya roƙe ta ta roƙe ni kada a taɓa soson har ya dawo. Ta ce irin wanda suke sa wa babur ne a hanci don ya tace iskar da inji yake sha, su a gareji filta suke ce masa. Na ce to, in dai ba ya cizo ya zauna.

Da jirgin kasuwa ya sake zagayowa surukina ya zo, muka gaisa, amma wannan karon maƙwabciyar ta tare ni kafin in fita. Ta shiga ta kunto soson, ta ɗebo ruwa a farar ƙwarya, ta zauna a tsakar gida. Shi yana can bakin zaure a tsugune, ya juya mana baya. Soson ya daina zama ruwan ɗorawa. Ta tsoma shi ta matse, ruwan ya yi baƙi, wani maiƙo yana yawo a sama. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wani soson, tsoho, ta ajiye kusa da shi. Ta ce wannan daga babur ɗin haya ya ciro shi, wanda ya yi watanni yana bin hanyar Kwantagora. Na duba, ban iya bambance su ba.

“Ya ce in gaya miki,” in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, “babur in sosonsa ya yi haka sai ya riƙa shaƙewa yana mutuwa a hanya, sai a cire a sa wani. Ya ce yaron ba shi da soso. Ƙirjinsa ne soson.”

Na san ya kamata in yi shiru in duba ruwan nan da kyau. Maimakon haka raina ya ɓaci. Na ga an tara min mutane a gidana, suruki ya aiko a koya min reno. Na ɗaga murya yadda zai ji daga zaure, na ce jikana ba babur ba ne, a cikin hayaƙin nan aka haife ni, a cikinsa na haifi matarsa, ga mu nan da ranmu. Maƙwabciyar ta ce a ƙarƙashin jinka aka haife ni, ba a cikin tulun siminti ba. Na ce ta kwashe ƙwaryarta. Ta ce ƙwaryata ce. Ta zubar da ruwan a gindin zana ta tafi. Shi ma ya tashi ya yi sallama da ladabi kamar ba abin da ya faru. Ɗiyata tana ciki, ta ji komai.

Amma maganar jinka ta zauna min. Ranar ina juya kifi na ɗaga kai, abin da ban taɓa yi ba. Hayaƙin ya hau ya bugi rufin ya tsaya. Ya taru ya yi kauri, ya gangaro ta bango, ya bi ƙofar nan marar ƙyaure ya shiga ɗakin kwana a hankali kamar wanda ya san hanya. Na gani da idona. Duk da haka ban kashe wutar ba, don akwai kifin mutane a kan raga, kuma kashewa a ranar daidai yake da in ce suruki ya fi ni gaskiya. Na ce a raina bari wannan ɗaurin kifin da ke kan raga ya ƙare.

Ciwon yaron bai jira ɗaurin ya ƙare ba. Wata safiya na dawo daga bakin ruwa na tarar da ɗiyata a tsaye a tsakar gida da yaron a hannu, ita da ba ta fita ɗaki sai wanka. Ta buɗe zanen ta nuna min. Duk numfashin da zai ja sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki. Hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Jikinsa zafi, leɓensa ya yi duhu, ya ƙi nono tun asuba. Na ajiye kwandon a nan inda nake.

Maƙwabciyar da na kora ita ta ruga ta samo mana mai jirgin inji. Muka shiga mu uku da yaron. A shekarun nan ne ciyawar kainuwa ta fara cika tafkin, mai jirgin ya riƙa tsayawa yana ciro ta daga farfela, kowace tsayawa ina ji kamar in sauka in tura. Ni na riƙe yaron. A tsakiyar ruwa, inda ba komai sai iska, na sunkuya in ji numfashinsa, sai na ji warin banda yana tashi daga kansa, daga zanensa, daga 'yar hularsa. Shekaru na yi ban ji wannan wari ba, don a cikinsa nake. Ranar na ji shi a jikin jikana kamar yadda nake jin sa a kifin da ya gama.

A asibiti a Yelwa wata malamar asibiti ce ta karɓe shi, mace mai kamar shekaruna. Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta ce ciwon huhu ne, za a kwantar da shi a yi masa allurai. Tana naɗe masa zane ta kai shi hancinta.

“Mama, wa ke banda a gidanku?”

Na ce ni ce. Ta tambayi inda nake yi, da inda mai jego ke kwana, da inda ta zauna lokacin da take da ciki. Na faɗa mata duka, har kujerar, har tsumman taga, har kasko biyu. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce abin da mai ciki ta shaƙa ba a ƙirjinta kaɗai yake tsayawa ba, yana iya rage wa ɗan cikin abin da yake samu, shi ya sa wasu ke zuwa ƙanana. Ta ce allura za ta iya da wannan ciwon in Allah ya yarda, amma in aka mayar da shi ɗakin da ya fito za mu sake haɗuwa, kuma ba kowane zuwa ake komawa da yaro ba. Surukina yana tsaye a bakin ƙofa, an aika masa ya zo da baƙin mai a hannunsa. Ya ji komai. Bai ɗago ya dube ni ba, kuma na gode masa da wannan har yau.

Kwanakin farko ba mu san inda abin zai faɗa ba. Muna zaune a kan tabarma a barandar asibiti, ni da ɗiyata, kafaɗa da kafaɗa, abin da ba mu taɓa yi ba. A nan, inda ba hayaƙi, na ji har yanzu tana tari. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin ta fita.

“Ke. Ƙirjinki fa?”

Ta dube ni kamar bango ne ya yi magana. “Tun watan da na zo yake min ciwo, Inna.”

“Mi ya hana ki faɗi?”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. “Na ga wurin da ya fi ɗumi kika ba ni.”

Na miƙa hannu na gyara mata ɗankwalin da ya zame, a gaban mutane.

Da zazzaɓin ya sauka yaron ya kama nono, dangin uban suka fara magana a tsakaninsu cewa a bar mai jego ta ƙarasa arba'in a Yelwa. Ba su faɗa min ba, amma na ji, kuma ban ga laifinsu ba. Na ce wa ɗiyata zan je gida in dawo. Na shiga jirgi ni kaɗai.

Kifin da na bari a raga ya riga ya lalace, na kwashe na binne. Na hau turmi na zare tsumman taga, ya fito baƙi ƙirin yana manne wa hannu. Na ari diga a wurin mijin maƙwabciyata na rushe murhun bandar da na gina da hannuna. Shi da ita suka taya ni kafa rumfa a bayan gida, ta gefen da iskar tafki ke kwashe hayaƙi ta yi daji da shi, muka yi mata rufin ciyawa, ba bango ko ɗaya. Tana ɗaure ciyawa tana cewa yau 'yar ruwa ta koma gidan ubanta. Muka kankare bangon ɗakin kwana, muka wanke, muka shafe da farar ƙasa, sai da muka maimaita kafin baƙin ya daina fitowa. Kaskon gashi na kife shi a bayan ɗaki. Sannan na ce wa maƙwabciyar ta je Yelwa ta gaya wa surukina ya aiko da sabon soso.

Ya aiko. Na rataye shi da kaina a ƙusar nan, na ci gaba da banda a rumfa. Aiki a waje da wuya, iska tana cinye itace, feshin ruwa ya ɓata min kifi ba sau ɗaya ba. Da jirgin kasuwa ya zagayo surukina ya zo da kansa, na ba maƙwabciyar soson ta kai masa zaure. Ta dawo ta ce ya juya shi gaba da baya, ya shinshina, ya sa a aljihu, ya ce gobe zai kawo su. A ɗakin nan ɗiyata ta ƙarasa arba'in, taga a buɗe, da bargo maimakon wuta. Tsofaffin gari sun yi ta magana cewa na bar mai jego a sanyi. Na bar su suka yi.

Yaron ya rayu, amma komai nasa a makare ya zo. Waɗanda aka haifa damina ɗaya da shi suna rarrafe shi bai zauna ba. Suna gudu shi yana jan gindi. Magana ma ta daɗe ba ta zo ba. Na taɓa komawa wurin malamar nan na tambaye ta ko hayaƙin ne. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, yara suna makara saboda dalilai da yawa, amma ba za ta ce min ba shi ba ne. Da wannan amsar nake zaune har yanzu. Ya girma, yana da iyali, mutum ne mai magana a hankali, kuma duk damina ƙirjinsa yakan yi fito.

Da ɗiyata ta samu ciki na biyu al'ada ba ta ce ta zo gida ba, amma ta zo da rani ta yi 'yan makonni. Washegari ta fara neman aikin yi kamar yadda ta saba. Na ba ta kwandon warangi, 'yan ƙananan kifin nan da rana ke busarwa, na ce ta je bakin ruwa ta shanya, ta zauna a inuwa tana korar kaji. Da la'asar na bi su da fura. Yaron yana zaune kusa da ita, ya daɗe da isa tafiya amma bai fara ba. Ya ga kaza ta sauka a kan shanyar, sai ya dafa gwiwar uwarsa ya miƙe, ya saki, ya taka tsakiyar warangin yana tangaɗi, yana watsa shi cikin yashi da ƙafafunsa. Uwar ta yunƙura za ta kama shi saboda kifin. Na riƙe mata hannu na ce ta bar shi ya je.